Kududdufai Uku a Taswirar Auta

Ranar da aka kira 'yata ɓarauniya ina tsugune a bakin famfo ina ɗauraye zannuwan gado. Matar mai shago ce ta kawo mini labarin, tana yi kamar jaje ta zo yi, alhali bakinta har rawa yake saboda daɗi. Wai ɗanta ya gani da idonsa a allon sanarwa na jami'a: an dakatar da Auta, ta saci taswirar wani babban Farfesa ta liƙa a kundinta na digiri na biyu, kwamiti zai zauna, kuma kora ce kawai ta rage.

Ni ban yi boko ba. Wanki da guga na sani, da su na rufa wa kaina asiri tun da uban yaran nan ya rasu. Wannan ma da kuke karantawa ina faɗa ne Auta na rubutawa, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini baki. Amma ba sai na yi boko ba kafin in san taswirar nan ta waye. Ni na wanke takalman da yarinyar nan ta shiga kwatoci da su. Damina guda ta yi tana bin lambatu a unguwar da ruwa ke ci duk shekara, tana auna inda ya toshe, tana zana kowane kududdufi, ta dawo gida tana wari har kaji na gudunta. A kan tabarmata ta shimfiɗa babbar takarda ta zana da hannu, ta shafa wa ruwa shuɗi, kafin daga baya ta mayar da shi cikin kwamfuta.

Na bar zannuwan a ruwa na shiga gida. Auta ta kulle kanta a ɗaki. Ta bayan ƙofa ta gaya mini cewa taswirar ta fito a wata mujalla ta masana tun kafin ta miƙa kundinta, da sunan Farfesa a sama, a ƙarƙashinta kuma an rubuta wai aikin hannun marubuci ne. Tunda tasa ta riga tata fitowa, wai ita ce ta kwafa. Ko kallon mujallar ta ƙi yi sau biyu.

Kafin la'asar unguwa ta gama yanke hukunci. Masu cewa dama 'yar mai wanki ina ita ina digiri biyu, da masu cewa yaran yanzu duk haka suke. Na fita na zage su ɗaya bayan ɗaya, na dawo maƙogwarona na zafi, ba abin da ya canza.

Mutum ɗaya ne ya zo da magana mai sanyi. Wani ƙaramin malami ne a sashen su Auta, ya daɗe yana kawo mini wanki, muna ce masa Malam Sannu-Sannu don gaisuwarsa ba ta ƙarewa. Ya durƙusa ya ce Mama a yi haƙuri. Ya ce shi ne magatakardan kwamitin, kuma shawararsa ita ce Auta ta amsa laifi ta roƙi afuwa, wataƙila a sassauta. Na ce masa ya ajiye kayansa ya tafi kafin in huce a kansa.

*

Wata mai shara a jami'ar ce ta ce in nemi Mai Sawu. Na ɗauka maharbi ne ko mai bin ɓarayin shanu. Ashe wani tsoho ne da ya ƙare aikinsa a ɗakin taswirori na laburare, ya yi ritaya amma ya ƙi tafiya, aka gaji aka bar masa kujera a lungu. Sunan ya samo asali ne daga sana'arsa: ka kawo masa hoto ko jadawali ko taswira da aka buga ba a faɗi mai shi ba, sai ya bi ta littafi bayan littafi har ya kai ka ƙofar wanda ya fara yi.

Na same shi ɗan ƙanƙani, ƙafa ɗaya gajera, da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Ban gaishe shi da kyau ba. Na dangwara masa mujallar da kundin Auta na ce a fito mini da ɓarawo. Maimakon ya ji haushi sai idonsa ya kawo haske kamar yaron da aka ba sabon ƙwallo. Ya shafa takardun, ya shinshina mujallar, ya nuna mini wani ɗan siririn layi a ƙarƙashin taswirar.

"Uwar Auta, kin ga wannan layin? Nan ne taswira ke faɗin gidan ubanta. Wane ya zana, yaushe, daga ina aka ɗauko, da izinin wa. Idan layin ya yi ƙarya, ita taswirar ba ta iya ƙarya. Sai dai a yi haƙuri a tambaye ta."

Na ce ni ba haƙuri na zo saya ba, Farfesa ne ɓarawo, mu je mu kama shi. Ya yi dariya har da tari. Ya ce Farfesan nan ya san shi, mutum ne da ko ɗan taɓo ya gani a hanya sai direba ya kewaye, kuma bai taɓa haɗuwa da Auta ba. Taswira ba ta da ƙafa. Wani ne ya ɗauke ta daga hannun yarinya ya kai teburinsa, kuma wannan ɗan aiken shi ne sawun da za mu bi. Ya tambayi su waye suka taɓa riƙe aikin kafin a miƙa shi. Na koma na tambayi Auta ta bayan ƙofa. Mutum biyu ne: Dakta mai duba aikinta, da mai kwamfuta na bakin ƙofar jami'a da ya buga mata.

*

Dakta muka fara yi wa dirar mikiya. Dogo ne mai tumbi, ofishinsa cike da takardu har saman taga. Tun daga bakin ƙofa na fara. Na ce masa an ba shi amanar yarinya ya sayar, na ce wanda ya ci amanar marainiya ba zai ga da kyau ba, na faɗi wasu abubuwan da Auta ta ƙi rubutawa. Mai Sawu ya bar ni na gama, yana ta leƙe-leƙe a ƙarƙashin tebur kamar mai neman kyanwa.

Can sai ya jawo wata babbar ambulan daga ƙasan tulin takardu, ƙura ta turnuƙe mu. Rubutun Auta ne a bayanta. Bakin ambulan ɗin a liƙe yake yadda ta liƙe shi, har gizo-gizo ya yi gida a kusurwa. Dakta ya yi ta gumi. Ya ce ayyuka ne suka yi masa yawa, ya sa hannu a kundin ne a gurguje daga ƙarshe, wannan kwafin na farko kuwa bai taɓa buɗewa ba. Ya roƙe mu kada maganar ta fita.

A waje Mai Sawu ya ce mini mutumin nan malalaci ne amma ba ɓarawo ba, don wanda bai buɗe abu ba bai sace shi ba. Na ce to ai lalacin ma ya cancanci zagin da ya sha. Ya ce bai musa ba.

Mai kwamfuta kuwa tun da ya hango ni ya miƙe tsaye, don labarin abin da na yi wa Dakta ya riga ni isa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, injin buga takarda na ta ƙugi, ɗalibai sun cika benci. Na ce shi ne, ga idonsa nan na marasa gaskiya. Ya rantse, ya juyo mana da kwamfutar. Mai Sawu ya sa gilashinsa ya duba ranar da Auta ta kawo aikin, ya duba ranar da ke jikin mujallar, ya girgiza kai. Lokacin da aikin ya iso shagon nan, mujallar ta riga ta fita kasuwa. Mai kwamfuta ya ce in ba shi haƙuri. Na ce in an kama ɓarawon zan duba.

Muka fito ba kowa a hannu. Ni ji nake kamar in yi kuka, shi kuwa tsohon sai murna yake, yana ɗingishi da sauri har ina haki a bayansa. Wai yanzu ne aikin ya yi daɗi: tunda ba ta kwamfuta taswirar ta fita ba, akwai wata ƙofa da ba mu gani ba.

*

Washegari da hantsi ya aiko a kira ni. Na tarar ya sa an buga taswirorin biyu a kan siririyar takarda, girmansu ɗaya, ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya manna a gilashin taga inda rana ke shigowa. Layi ya hau kan layi, kwata ta hau kan kwata, kamar riga da inuwarta. Ni ban ga komai ba sai tsutsotsi, ga idona dama ba shi da ƙarfi. Shi kuwa sai rawar ƙafa yake.

Ya ce a ta Farfesa akwai kududdufai uku ƙanana a gefen gabas waɗanda babu su a ta Auta. Na ce to ai shi ke nan mun mutu, za su ce tasa ta fi cika, ita ce ta manta. Ya ce haka ne, sai dai idan kududdufan babu su a ƙasa. Ya ɗauki sandarsa ya ce mu je mu sha ruwansu.

Muka shiga unguwar, yana riƙe da taswira yana ƙirga lunguna, yara na binmu da kallo. Inda ya tsaya ya buga sanda a ƙasa, fili ne a kan tudu, busasshe ƙarau, wani mai walda ya kafa rumfa yana haɗa ƙofofi. Mai Sawu ya tambaye shi ina kududdufan da ke nan. Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa ya dube mu kamar mahaukata. Ya ce a nan ubansa ya yi sana'a, shi ma a nan ya tashi, ko a shekarar da ruwa ya ci rabin unguwa nan mutane suka gudo da katifunsu. Ruwan da yake sanyaya ƙarfe ma saye yake yi.

Mai Sawu ya rungume sandarsa ya juya sau ɗaya a tsakiyar fili. Ya ce wanda ya zana kududdufan nan bai taɓa taka wurin ba, wani abu shuɗi ya gani a kan takarda ya ɗauka ruwa ne. Saura mu san wace takarda, kuma mene ne shuɗin. Ya ce yana so ya ga inda Auta ta yi zanen.

*

Na kai shi gida. Auta ta ƙi fitowa, don haka na ba shi kujera a tsakar gida na ci gaba da aikina, tunda masu kaya ba ruwansu da baƙin cikina. Na goge riguna, na ninke, na naɗe kowane ƙunshi a takarda yadda na saba. Ni ba na iya rubuta suna, saboda haka kowane mai kaya yana da alamarsa. Ina ɗinka ta da shuɗin zare a cikin wuyan riga, in na naɗe kaya kuma in tsoma ɗan yatsa a ruwan bula, shuɗiyar nan da muke sa wa fararen kaya su yi haske, in ɗiga alamar a bayan takardar. Wani kara biyu, wani ƙugiya, wani ido. Shekara da shekaru ban taɓa haɗa kayan wani da na wani ba.

Ina cikin ɗigawa na ji shiru ya yi yawa. Na ɗaga kai na ga tsohon ya miƙe, bakinsa a buɗe. Ya karɓi ƙunshin daga hannuna ya juya takardar. Bular ta ratsa ta fito ta ciki sarai.

Ya tambaye ni a hankali ina nake samun takardar naɗi. Na ce duk inda na samu, tsohuwar jarida, kalanda, abin da Auta ta zubar. Ya ce babbar takardar da ta zana da hannu fa? Na ce da ta mayar da zanen cikin kwamfuta ta jefa ta bayan ƙofa, ni kuwa ba na ganin takarda mai kauri haka in bari ta lalace, na naɗe wa wani kaya da ita. Ya ce wane ne? Na ce Malam, mutum nawa nake wa wanki, ta ina zan tuna.

Sai ya ciro taswirar Farfesa, ya rufe ko'ina da tafin hannunsa ya bar ɗan wuri, ya ɗora gilashin a kai ya ce in duba. Ɗigo uku ne, biyu a ƙasa ɗaya a sama, kamar duwatsun murhu, na saman ya ɗan ja wutsiya don haka yatsana ke zamewa in zan ɗaga. Hannuna ne. Kuma na san wuyan rigar da ke ɗauke da irinsa.

Na miƙe zan fita da dutsen guga a hannu. Mai Sawu ya tare ƙofa da sandarsa. Ya ce in na je yanzu mutumin zai ƙone rigunansa ya musa, mu tashi a banza. In riƙe bakina zuwa ranar kwamiti. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Har mutumin ya zo karɓar kayansa a tsakani, na miƙa masa rigarsa fara ƙal da sitaci, na ce ya sa ta ranar zama don ta fi yi masa kyau.

*

Ɗakin kwamitin dogo ne, da tebur mai sheƙi da fanka tana juyawa a sama. Shugabar kwamiti wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta dariya. Farfesa ya hakimce a gefenta yana duba agogo. Dakta na can ƙarshen tebur yana share gumi, mai kwamfuta a kan benci, Malam Sannu-Sannu da biro da takarda yana rubuta abin da ake faɗa. Auta na kusa da ni, ta rame, idonta a ƙasa. Mai walda muka bari a waje.

Da farko sun ce ni da tsohon ba mu da hurumin magana. Na buɗe baki, Mai Sawu ya taka mini ƙafa. Shugabar ta dube shi ta ce ta san shi, shi ya taɓa nemo mata asalin wani hoto da ta yi shekara tana nema, a bar shi ya yi tambayarsa.

Ya fara da ladabi kamar mai neman ilimi. Ya tambayi Farfesa ko layin da ke ƙarƙashin taswirar gaskiya ne, aikin hannunsa ne. Farfesa ya ce ƙwarai. Ya tambaye shi ko shi da kansa ya zagaya unguwar. Ya ce lungu-lungu. To kududdufai ukun nan na gabas fa, waɗanda yarinya ba ta da su? Farfesa ya gyara zama, ya ce ai nan ne ake gane gwani da mai kwafa, ita ta tsallake su, shi kuwa ya tsaya a bakinsu, na saman ma ya fi zurfi, sauro ya cije shi a wurin.

Mai Sawu ya ce Allah sarki, sannu da sauro. Ya leƙa waje ya kira mai walda.

Mai walda ya shigo da baƙin gilashinsa a goshi ya faɗi abin da ya gaya mana, ya ƙara da cewa in akwai kududdufi a rumfarsa yana roƙon Farfesa ya nuna masa, ya huta da sayen ruwa. Wani a cikin kwamitin ya yi dariya ya mayar da ita tari. Shugabar ta cire tabarau ta juya ta kalli Farfesa.

Sai tsohon ya ɗora ƙunshin wanki a kan tebur, ya kwance, ya nuna musu yadda bula ke ratsa takarda. Ya bayyana musu alamomina. Ya ce zanen hannun Auta ya bar gidanmu ne a naɗe da kayan wani, da alamar mai kayan a jiki, shi kuma da ya ga aiki mai kyau ba suna a ƙasa sai ya kwafe shi duka, har da ɗigon yatsan uwarta, don shuɗi ne kamar sauran ruwan. Farfesa ya ce shi bai taɓa kai wanki unguwar nan ba, bai ma san ni ba. Na ce wannan kam gaskiya ya faɗa, ita kaɗai tun da aka zauna.

Shugabar ta tambaye ni alamar ta wace ce. Biron da ke ta ƙarar rubutu tun ɗazu ya tsaya.

Na tashi na zagaya teburin. Ban yi sauri ba, na daɗe ina jiran wannan tafiyar. Na tsaya a bayan Malam Sannu-Sannu, cikin farar rigar da na sa wa sitaci da hannuna.

"Ɗana, juya wuyan rigarka."

"Mama, don Allah."

"Ni ba uwarka ba ce. Uwar wadda ka ce ta amsa laifi ce. Juya, ko in juya maka."

Bai motsa ba, sai na kama wuyan na juya. Ɗigo uku da shuɗin zare, biyu a ƙasa ɗaya a sama da 'yar wutsiya. Mai Sawu ya ajiye taswirar kusa da wuyan ya miƙa wa Shugaba gilashinsa. 'Yan kwamiti suka taso suna leƙe ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana sunkuye kamar akuyar da ake tayawa a kasuwa.

Nan take ya zube. Ya ce ƙarin girma yake nema, Farfesa ya ce ya kawo masa taswirar unguwar, shi kuma ba ya iya shiga kwata. Da ya kwance wankinsa ya ga abin da yake nema a shimfiɗe. Ya kwafe ya kai, ya ce shi ya zana. Bai zaci Farfesa zai buga da sunansa shi kaɗai ba, bai kuma zaci abin zai faɗo kan Auta ba, da ya faɗo kuma tsoro ya hana shi magana. Farfesa ya fara faɗa wai an yaudare shi. Shugabar ta ce masa wanda aka yaudara ba ya jin cizon sauro a bakin kududdufin da babu.

Auta ta ɗago kai a karon farko. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli Malam Sannu-Sannu ta ce masa kawai ya rubuta wannan ma, tunda shi ne magatakarda.

*

An wanke ta. An cire takardar daga allon sanarwa, kodayake na lura wadda suka maye gurbinta da ita ba ta kai rabin girman ta farko ba, shi ya sa nake ba da wannan labari da bakina don ya isa inda allonsu bai isa ba. Farfesa da yaronsa suna gaban wani kwamitin, ba ni da labarin yadda za ta ƙare musu. Mai kwamfuta na je na ba shi haƙuri, na goge masa riga biyu kyauta. Dakta ban ba shi ba, ba kuma zan ba shi ba. Matar mai shago yanzu in ta hango ni a famfo sai ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Mai Sawu bai bar mu mun huta ba sai da masu mujallar suka sake buga taswirar, ba kududdufan ƙarya, da gyararren layi a ƙasa. Ya kuma yi wa Auta faɗa, ya ce ko a bayan kwali ta yi zane ta sa sunanta da shekara kafin ta ajiye alƙalami. Ranar da sabuwar ta iso shi ya kawo ta gida da kansa, yana ɗingishi yana ɗaga ta sama tun daga bakin lungu don duk unguwa ta gani.

Auta ta shimfiɗa ta a kan teburin guga, ta kama yatsana ta ɗora a kan ɗan siririn layin, ta ja shi a hankali daga farko zuwa ƙarshe. Ta ce nan sunanta, nan sunan babanta, nan shekarar da ta shiga kwatocin. Na duba, na sake dubawa. Tsutsotsi ne dai kamar sauran. In gobe wani ya canza su ba zan sani ba.

Sai na jawo kwanon bula na tsoma yatsa, na ɗiga a ƙarƙashin layin alamar da nake ɗinka mata a wuyan rigar makaranta tun tana aji ɗaya, ɗigo guda a cikin da'ira. Mai Sawu ya dafe kai ya ce Uwar Auta, kin sake haƙa musu wani kududdufin.

Na ce a bar shi. Duk wanda ya kwafa, ya zo ya same ni.